Ƙwayoyin Awo

Abdulgani, malamin asibiti, ya jujjuya 'yar kwalbar a hannunsa, ya tambayi wanda ya kawo ta ɗakin. Hureira ta ce ita ce, har da ɗan alfaharinta.

Sati uku ke nan da sojoji suka yi bore suka datse hanyar cikin gari, sai yau Abdulgani ya samu ya sulalo unguwar Kilomita Biyar. Maƙwabcin Hureira, Baba Sha'aibu tela, ba mata ba ɗa, yana kwance da ciwon jini, leɓɓansa fari fat. Ita kuwa baiwar Allah ta ga ai mai ƙarancin jini maganin ƙarin jini ake ba shi. Tana da ragowar ƙwayoyin bitamin na awon cikinta. Kullum da safe, ko ana harbi, sai ta kai masa kunu, ta sa masa biyu a tafin hannu, ta tsaya a kansa sai ya haɗiye.

Abdulgani ya yi mata bayani a hankali. Fararen ƙwayoyin jini masu tsaron jiki ba sa hayayyafa sai sun zuƙi irin wannan bitamin. Na Baba sun lalace, hayayyafa suke ba ƙaƙƙautawa, kuma aikin maganin likita shi ne ya hana su bitamin ɗin har su mutu. Ita kuwa ciyar da su take yi.

Hureira ta matsa kusa da Baba. Ta durƙusa gaban tabarmarsa.

"Baba, likita bai hana ka ba?"

"Ya hana ni."

"To don Allah me ya sa ka sha?"

Ya daɗe yana nemo numfashi. "'Yar nan, da na ƙi, aiko kunun za ki riƙa yi."

Ranar Alhamis kafin azahar ya cika. Mutum tara suka sallace shi a Masallacin Koudoukou, saboda harbi ya tsananta. Abdulgani ya rantse mata cewa ciwon ya riga ya yi nisa, da ƙwayoyinta da babu. Ta ji, amma bai shige ta ba.

Da ta shiga share ɗakin, ta yaye zanen da ya rufe keken ɗinki. Ƙarƙashin allura akwai rigar mata, ba a haɗa hannu ɗaya ba. Ta ɗora ta a kafaɗa, ta yi mata daidai.