Ƙwannafin Tela

Tun da Tela ya fara fama da ƙwannafi, matarsa Malama ta ɗora wa girkinta laifi. Shekara da shekaru tana dafa wa mutumin nan abinci bai taɓa cewa cikinsa ya murɗa ba, sai yanzu da furfura ta gama cin kawunansu. Yana tashi daga gaban kwano sai ya dafe ƙirji, ya jingina da bango, ya yi ta gyatsa yana ba ta haƙuri kamar da gangan yake yi. Ta rage mai. Ta janye barkono. Ta daina soya albasa, har miyar ta koma abin da ko ita sai ta runtse ido take haɗiyewa. Shi kuwa ya share kwanon tas, ya ce, "Sannu da aiki, Malama," sannan ya dafe ƙirji.

Abin ya tsaya mata a rai. Koyarwa ta bari tuntuni, yara sun watse kowa da gidansa, tukunyar nan ce ta rage mata abin taƙama. In har hannunta ne ya fara cutar da shi, to me ya saura?

Ta je wurin mai kemis na bakin titi.

"Mama, kwantar da hankalinki," ya ce yana miƙo mata kwalba. "Ciwon zamani ne, kowa da shi yake yawo. Mutanen dā ba su san shi ba."

"Wa ya gaya maka? Kakana in ya yi gyatsa har kaji sai sun watse. Ciwon yana nan, ɗana, kantin sayar da maganinsa ne babu."

Ta karɓi kwalbar dai, amma zancen bai shige ta ba. Ko duniya duka ke fama da shi, nata mijin bara warhaka lafiyarsa ƙalau. Ta bi ta shagon ɗinkinsa don ya sha maganin kafin abincin dare, sai ta tarar da kwaɗo a ƙofa.

"Ai da wuri yake rufewa yanzu," in ji mai gyaran takalmin da ke gefe. "Gidan yayansa yake zuwa kullum."

Yayan nan tsohon direba ne, matarsa ta rasu bara. Malama ta sha aika masa abinci yana mayar mata da kwano yadda ya je, wai shi ba abin tausayi ba ne, da hannunsa zai dafa.

Ta nufi gidan yayan. Tun daga matakala ƙaurin mai ya tare ta. Ƙofar ɗakin a buɗe take. Ga tsofaffin biyu kan gajerun kujeru, tire a tsakaninsu, shinkafa ta yi jawur da barkono tana ninkaya a cikin mai. Ta tsaya tana kallo. Direba ba ya ɗaga cokali sai ƙanensa ya ɗaga. In Tela ya kai loma, shi ma ya kai. In ya tsaya shan ruwa, shi ma ya ajiye.

"Yaya, na yau ya fi na jiya," Tela ke cewa, idanunsa na ruwa. "Ƙaro min."

Ta yi gyaran murya. Tela ya waiwayo, ya taso da sauri ya same ta a bakin ƙofa, ya rage murya.

"In ban ci ba, ba ya ci. Na gwada. Rufe tukunyar yake yi ya kwana haka."

"To nawa abincin fa? Ba ka da bakin cewa ka ƙoshi?"

"Ki sha wahalar girki in bar miki shi a kwano? Da wane ido zan kalle ki?"

Ta dube shi. Ta ajiye faɗan da ta ɗauko. Ta raɓa shi ta shiga, ta gaishe da yayan, ta ɗauki cokalin mijinta ta ɗanɗana. Sai da ta yi tari.

"Yaya, wannan man na girki ne ko na mota?"

Tsohon ya yi dariya, gajeriya, kamar wanda ya manta yadda ake yi. "Marigayiya ba ta taɓa bari na ga yadda take aunawa ba."

"Gobe zan zo. Kai ne mai girki, ni kwalbar mai kawai zan riƙe. A nan za mu ci mu uku, sau ɗaya."

Fuskarsa ta ɗaure. "Na gaya miki ba na son tausayi."

"Wa ya tausaya maka? Cikin ƙanenka na zo ceto. In ya tashi nan, can ma sai ya share kwano."

Direba ya juya. Tela na tsaye, hannunsa a ƙirji bai ma sani ba.

"Kai, tun yaushe?"

"Ba komai, Yaya."

"Ba komai? Tun kana yaro haka kake, shiru-shiru kamar wayo, alhali wauta ce."

Ya janye tiren daga gaban kujerar ƙanensa, ya daɗe yana kallon shinkafar. Sannan ya ɗaga kai ya dubi Malama.

"To ki zo da wuri. Amma albasa ni zan yanka."