Farin Kyandir na Bikin Phebe

Muhsinat ta yaye zanen da ta rufe kyandirorin da shi. Jiya ta zuba su fari sol a kofunan gilashi. Yau duk sun rine, sun koma kalar man shanun da ya kwana a rana.

Kakin waken suya ba ya son fari, da launin ruwan madara yake zuwa, kuma Muhsinat ta sha wuya kafin ta shawo kansa. In ta ƙara hodar fari, lagwani ya toshe, wuta ta mutu. In ta rage, kyandir ya fito kamar awara. Ta daina zuba ƙamshin da ke rina kaki, ta toshe tagar ɗakin don kada rana ta taɓa su. Duk wannan ta yi shi ne don Phebe, ƙawarta tun makaranta, wadda za a ɗaura wa aure a coci ranar Asabar. Abu ɗaya Phebe ta roƙa: fari, kamar rigarta.

Ko mayafi ba ta gyara ba ta tare Keke Napep daga unguwarsu ta Abbaganaram zuwa kasuwar Gamboru, shagon Tahir mai sayar mata da kaki. Ta dangwarar masa da kofi ɗaya a kan tebur.

"Dubi abin da ka sayar mini! Ka gauraya da man ja, ko?"

"Hajiya, yi a hankali, akwai mutane."

"Su ji mana! Macuci kawai!"

Masu shagunan gefe suka leƙo. Tahir ya ɗauki kofin, ya juya shi, ya kai hanci. Fuskarsa ta canza.

"Ni ba na sayar da humra," in ji shi. "Shinshina ki ji."

Ta shinshina. Ƙamshin sandal da miski ne, irin haɗin da ta tashi a cikinsa tun tana goye. Mutum ɗaya ce a duk unguwarsu ke haɗa shi haka. Ta ɗauki kofinta ta fita, ba ta iya kallon kowa ba.

Ta tarar da mahaifiyarta, Ya Falmata, a tsakar gida tana daka itacen turare, ta miƙe ƙafa a tabarma.

"Ya, kin shiga ɗakin aikina jiya?"

"Na shiga. Kin fita sallah kin bar tukunya a buɗe, na ɗan zuba miki humra."

"Kin ɗan zuba!"

"Ludayi biyu. Mai kyau ce, wadda nake ajiye wa amare."

"Kin ɓata mini aikin wata guda! Kin sa na je na zagi bawan Allah a tsakiyar kasuwa!"

Ya Falmata ta ajiye taɓarya. "Ke kika zage shi, ba ni ba. Kuma ki rage murya, ni na haife ki. Amarya a garin nan namu na Yerwa, a kunna mata wuta babu ƙamshi? A ce 'yar Falmata mai turare ce ta yi? Da wane ido zan kalli mutane?"

"Fari ta ce, Ya. Ba ta ce ƙamshi ba."

"Yarinya ce, ba ta san abin da take so ba."

Maganganu da yawa suka taru a bakin Muhsinat, babu wadda za ta iya faɗa wa uwa. Ta shige ɗaki, ta ɗauki kofi ɗaya ta maka shi da bango.

Da la'asar Phebe ta zo. Ta daɗe tana kallon kyandirorin, ta ce ƙamshin ya yi daɗi, amma ba za ta jera su kusa da farar riga ba, za su zama kamar datti a hoto. "In ba zai yiwu ba ki faɗa mini yanzu, in sayi na kanti."

"Zai yiwu," in ji Muhsinat.

Washegari ta koma Gamboru. Ta ba Tahir haƙuri a gaban mutanen da suka ji zagin. Ya auna mata kaki, amma bai yi mata rakiyar da ya saba yi har bakin titi ba. A hanya ta sayi kwaɗon ƙofa.

Ta narka, ta tace, ta zuba, ta kulle ɗakin ta rataya makullin a wuya, ko banɗaki da shi take shiga. Ranar Juma'a suka daskare fari tas, babu ɗigon rawaya ko ɗaya. Tana jera su a kwali Ya Falmata ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi kwaɗon, ta dubi kyandirorin.

"Sun yi fari kam," ta ce. "Kamar likkafani."

Muhsinat ta ɗaure kwalin, ta ɗora a ka. Uwar ta matsa gefe kaɗan, ta wuce.