Ƙamshin Mangwaro a Taron Manoman Taba

Fanwel Kamanga ya zame cikin kujerar a-kori-kurarsa har sai da hularsa ta daina leƙowa ta gilashi, sannan ya zaro abin daga aljihun kwat. Wani ɗan baƙin ƙarfe ne da bai fi alƙalami tsawo ba, da maɓalli guda a gefe. Ya jujjuya shi a hannu kamar wanda aka miƙa wa jaririn maƙwabta.

"Ta ina ma ta ce ake kunna shi?"

Matarsa Eneles tana gyara ɗaurin ɗankwali a madubin mota, ko kallonsa ba ta yi ba. "Ka danna, ka zuƙa a hankali. Haba Baban Chisomo, sau nawa yarinyar nan za ta koya maka? Ta nuna maka a gida, ta sake nuna maka ta waya."

"Rage murya mana! Ba ki ga jama'a ba?"

Jama'a kam akwai su. Motocin bas daga Kasungu da Dowa da Mchinji sai sauke manoma suke yi a ƙofar zauren cocin da ƙungiya ta kama haya a Lilongwe. Yau ne taron shekara na manoman taba, yau ne kuma zaɓe, Kamanga yana neman a bar shi a kan kujerar shugabanci.

Tun yana saurayi yake zuƙar taba. Ko a kalandar ƙungiya babu hotonsa da za ka gani ba da karan taba a bakinsa ba. Yakan ce manomin da ba ya shan abin da ya noma, kamar mai tuwon sayarwa ne da ke aika a sayo masa abinci a wani gida. Ana cikin haka, da daminar bana tari ya kama shi, irin mai tayar da kaji daga barci, har wata safiya ya ga jini a hankicinsa. 'Yarsa Chisomo, wadda ke aikin nas a birni, ta ja shi asibiti aka ɗauki hoton ƙirjinsa. Likita ya daɗe yana duban hoton, sannan ya ce, "Baba, ko ka ajiye ta da hannunka, ko ita ta ajiye ka."

Ya gwada bari kai tsaye. Kafin mako ya zagayo ya yi faɗa da masu ɗaurin ganye, ya yi da karen gida, ya yi da rediyo. Sai Chisomo ta kawo masa sigarin lantarki. "Ba magani ba ne, Baba," in ji ta. "Tsani ne. Da shi za ka riƙa sauka a hankali har ka dire ƙasa." Ruwan da ake ɗura masa kuwa, wanda ta samu a shago, mai ƙamshin mangwaro ne.

Matsalar ɗaya ce. Shi Kamanga da bakinsa ya raɗa wa wannan abu suna "sarewar ragwaye" a gidan rediyo bara, sunan kuma ya bi gari. A kan yaƙi da ita ma ya gina neman zaɓensa.

Ya danna maɓallin, ya zuƙa da ƙarfi irin yadda ya saba yi wa kara. Nan take ya ƙware. Wani farin tururi ya cika motar, kai ka ce an buɗe tukunyar dafaffen rogo. Yana cikin tari aka ƙwanƙwasa gilashi.

Ya cusa abin cikin aljihun ƙirji ba tare da ya kashe shi ba, ya yi ta fifita da hula, sannan ya sauke gilashin kaɗan. Witnes Gondwe ne, abokin takararsa, dogon mutum mai murmushin da ba ya kaiwa ido.

"Shugaba, lafiya? Na ga motar ta yi hazo, na ce ko inji ne ya yi zafi." Ya buɗe hanci ya shaƙa. "Ikon Allah! Mangwaro a wannan wata? A wace gona?"

"Man shafawata ne," in ji Eneles, fuska a ɗaure. "Ko shi ma sai an kaɗa masa ƙuri'a?"

"A'a, Mama, ni wa? Allah ya ƙara ƙamshi." Ya wuce yana waiwaye.

Zauren ya cika har bakin tagogi. Bayan addu'ar fasto da doguwar gaisuwar da ba ta bar kowa ba, aka miƙa wa Kamanga makirufo. In dai magana ce, Allah ya ba shi. Ya fara da farashin da ya faɗi a wurin gwanjo, yadda mutum zai kai dilar ganye mai kyau kamar zinariya, mai saye ya taɓa ta da ɗan yatsa ya yamutsa fuska. Ya tambaye su wa ya jawo. Zaure ya amsa da murya ɗaya: "Sarewar ragwaye!"

"Sarewar ragwaye!" ya maimaita. "Taba ce da ba ta san ƙasa ba, ba ta san ruwan sama ba, ba ta san gumin kowa ba. Taba ce da ake sa wa caji kamar waya! In an ɗauke wuta, sai ka ga ƙato da gemunsa yana yawo gida gida yana neman inda zai jona bakinsa!"

Dariya ta ɓarke har da masu buga benci. Eneles, a layin gaba, ta zuba masa ido kawai.

"Ni Fanwel ɗan Kamanga," ya ce, murya ta hau, "muddin wannan zuciya tana bugawa…" Ya dafe ƙirji da tafin hannu, ya danne da ƙarfi don maganar ta shiga.

Sai lasifika ta ɗauki wata ƙara, sssss, kamar an jefa kifi cikin mai. Mai kula da na'ura ya duƙa yana laluben waya. Kamanga bai ɗauke hannu ba, don a ganinsa tsayuwar ta yi kyau. Can sai wani siririn farin hayaƙi ya fara fitowa ta wuyan kwat ɗinsa, ya bi gefen kunne ya yi sama.

"Wayyo Yesu! Shugaba ya kama da wuta!" wata mata ta ƙwalla daga baya.

Wuri ya hargitse. Wani ƙaƙƙarfan manomi ya ruga waje ya dawo da bokitin ruwa, saura kaɗan ya sheƙa masa. Kamanga ya ji zafi a kan fatarsa, ya zura hannu ya fizgo abin, ya ɗaga shi sama ba tare da ya yi niyya ba. Ƙamshin mangwaro ya gauraye layukan gaba.

Zauren ya yi tsit. Gondwe ya gyara zama, murmushinsa yau ya kai har ido.

Kamanga ya dubi abin da ke hannunsa, ya dubi ɗaruruwan idanun da ke kansa. Amma mutumin da ya shekara da shekaru yana ciniki da masu sayen ganye ba ya rasa ta cewa.

"Kun gan shi?" ya daka tsawa. "Kun ga maƙiyin? Da yawanku sai dai labari kuke ji. Ni na ce ba zan zo taron nan ba sai na kamo shi da hannuna na kawo muku. Ga shi, ko a aljihu bai iya zaman lafiya ba!"

Tafi ya tashi kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano. Gondwe ya miƙe, ya ɗaga hannu har aka lafa.

"Shugaba ya yi ƙoƙari. Amma tunda ya kamo shi, ai sai ya ɗanɗana mana a gabanmu, mu ga ko da gaske bai iya shansa ba. Kada a ce da sabo a tsakaninsu."

"Ɗanɗana! Ɗanɗana!"

A nan ne rashin iyawa ya yi wa Kamanga rana. Ya kai abin baki, ya zuƙa da dukkan ƙarfinsa, ya ƙware ƙwarewar da bai taɓa yi ba. Ya tanƙware yana tari, hawaye na zuba, hula ta faɗi ta gangara ƙarƙashin teburi. Babu ɗan wasan da zai iya ƙirƙiro irin wannan tari.

"Guba ce!" wani ya yi ihu. "Ku duba yadda ta yi da namijin duniya!"

"A kashe ta! A nutsar da ita!"

Mai bokiti ya matso ya ajiye a gabansa. Kamanga ya saci kallon matarsa. Ba ta girgiza kai ba, ta dai harɗe hannuwa a ƙirji. Ya tuna yadda Chisomo ta zauna a bakin gadonsa tana koya masa, tana dariyar yadda yake riƙe shi. Sannan ya saki. Abin ya yi ɗan tsuwwa a cikin ruwa ya nutse. Mata suka rangaɗa guɗa.

Da ma a nan aka tsaya. Amma ƙungiya tana da al'ada: kafin zaɓe, ana naɗa kara guda da ganyen da ya fi kyau a shekarar, shugaba ya kunna ya yi zuƙar farko. Aka kawo shi a kan faranti, da ashana a gefe.

Kamanga ya ɗauka. Yatsunsa suka gane shi tun kafin ya yi tunani. Ya ƙyasta ashana ya kara a bakin karan har ya kama, ƙamshin ya daki hancinsa, duk wata jijiya ta jikinsa ta miƙe tana kiran sunansa. Ganyen Kasungu ne, ya sha rana daidai, babu abin da ya kai shi. Hannunsa ya taso har kusa da leɓe. A ƙasan ƙirjinsa kuma, wurin da likita ya nuna da biro, wani abu yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Ya juya ya miƙa wa Gondwe.

"Bana na sauya tsari. Wanda ke son kujera, shi ya kamata ya fara nuna mana ƙaunarsa ga ganye. Bismillah, ɗan'uwa."

Gondwe ya karɓa da yatsu biyu kamar an ba shi kunama. "Ai… jiya aka cire mini haƙori. Mai magani ya hana." Ya miƙa wa ma'aji. Ma'aji ya ce cocinsu suna azumi. Ya miƙa wa sakatare. Sakatare ya ce shi maƙogwaro ke damunsa tun shekaranjiya, ga shi shi zai karanta sakamako. Ya miƙa wa dattijon ƙungiya, tsohon da aka ce da taba a baki aka yaye shi. Tsoho ya dubi karan da kewa, ya ce a ba yara, su sun ci zamaninsu. Haka karan ya bi babban teburi daga hannu zuwa hannu, toka tana tsawo, har ya isa gun fasto, wanda ya ɗaga hannuwa biyu sama yana dariya. Aka mayar da shi kan faranti, ya ƙarasa cinye kansa shi kaɗai.

Wani ya tashi ya ce bai taɓa ganin shugabanni masu girmama juna irin na bana ba. Aka yi tafi. Aka kaɗa ƙuri'a, Kamanga ya lashe da rata mai yawa, aka ɗauke shi a kafaɗa har ƙofar mota.

A hanya Eneles ba ta ce masa barka ba. Ta ajiye wayarta a kan cinyarsa. "Ka kira 'yarka ka faɗa mata inda ka kai kyautarta."

Ƙishirwar taba ta taso masa, bakinsa ya bushe, kansa kamar ana daka a ciki. A wurin danja wani mai talla ya matso da tiren sigari, ya ɗaga kwali daidai fuskarsa. Kamanga ya bi kwalin da ido.

"Saya," in ji Eneles a hankali. "Kana saya ina sauka. In ya so ka nemi ƙungiya ta riƙa wanke maka hankici."

Danja ta ba da hannu. Motocin baya suka fara hon. Ya ja mota.

Sai da suka yi nisa ya ce, yana kallon titi, "A ina ma kuka sayo shi?"

Wani ɗan shagon kayan waya ne a lungun tsohuwar kasuwa. Kamanga ya ajiye mota nesa, ya cire kwat, ya cire hula, ya ari tabarau ɗin matarsa. Ya shiga da sanɗa, kai a sunkuye. A gaban kanta akwai wani dogon mutum da ya ja hular sanyi har gira, da rana tsaka.

Suka dubi juna.

"Cajar waya na zo saya," in ji Gondwe.

"Ni ma."

Mai shagon, wata mata mai fara'a, ta fito daga ciki riƙe da 'yar kwalba. "Ga naka, Baba Gondwe, mai na'a-na'a kamar kullum. Har ka shanye na wancan makon?"

Gondwe ya dubi rufin shago. Can ya yi gyaran murya, ya ce ƙasa ƙasa, "Da ƙarfi kake ja, shi ya sa kake ƙwarewa. A hankali ake yi, kamar mai kurɓar kunu da zafi."

"Na gode," in ji Kamanga. "Yaya haƙorin?"

"Da sauƙi."

Matar ta juyo gare shi. "Kai fa, Baba? Sabon shiga ne? Wane ƙamshi za a ba ka?"

Kamanga ya ɗan gyara tsayuwa. Ko ba komai shi shugaba ne, akwai abin da ya rage da zai iya yi wa sana'a.

"Akwai mai ƙamshin taba?"

"Ayya, Baba, ka makara," in ji ta. "Ya ƙare tun da safe. Wasu manoma ne da suka zo taro a coci suka kwashe shi duka."