Sai Kin Warke

Ƙaurin yadi ne ya shigo da surukar Tela a guje. Dutsen guga ya cinye rigar mutane har ya kama tebur, Tela kuwa tana durƙushe a gindin keken ɗinki, ta danne idon hagu da tafin hannu. Ɓarin kanta bugawa yake kamar ana kafa ƙusa. 'Yarta Shalele na rarrafe, ta nufi wayar gugar.

Surukar ta suri jikarta ta goya. "Kullum kai, kullum kai. Wace mace ce kanta bai taɓa ciwo ba? Yarinya tana wajena sai kin warke."

*

Likita ya zazzage ledar da Tela ta kawo. Ƙwayoyi ja da fari suka watsu a tebur, babu mai suna.

"Wa ya rubuta miki waɗannan?"

"Mai kemis ɗin layinmu. Ya ce nawa ya ƙi jin magani, shi ya sa yake haɗa mini."

"Ba a cewa ciwon ɓarin kai ya ƙi jin magani sai an gwada magungunansa na ainihi, ɗaya bayan ɗaya, sun gaza. Ke ko ɗaya ba a gwada miki ba. Waɗannan da kike afawa kullum, su ke kiransa yanzu. Ki daina. Zai tsananta kafin ya lafa."

"In na daina, zan karɓo 'yata?"

"Ki ba ni lokaci."

*

Ta daina. Ta saki labule, keke ya yi shiru. A duhun ɗakin takan rungume 'yar rigar Shalele da ba ta gama ɗinkawa ba. Kukan Shalele, wanda a da yake tsaga mata kai, yanzu shi take kasa kunne ko za ta jiyo.

Ranar da ciwon ya fi ƙamari, da hantsi, surukar ta yaye labulen. "Aikin likitan naki ke nan, 'yar nan? Ai kin fi da lalacewa."

A bayanta wani baƙo ne riƙe da baƙar jaka, yana murmushi.

"Allura ɗaya ce, baiwar Allah. Duk wadda na yi wa, da ƙafarta take nemana."

Daga tsakar gida wata 'yar murya ta ce, "Mama." Ba a gaban Tela Shalele ta koyi kalmar ba.

"In kin yarda ya yi miki," in ji surukar, "yau a nan za ta kwana."

Baƙon ya zuge jakarsa. Tela ta ajiye 'yar rigar a kan matashi, ta soma naɗe hannun rigarta.