Hular Verlon da Ƙunshin Gyaɗa

Shekara talatin da ɗaya ina auren Verlon Stroupe, kuma ban taɓa ganin ya ji tsoron abin da ya kamata mai hankali ya ji tsoro ba. Aikinsa a filin tseren motoci na Cutler Gap shi ne ɗura mai. Da motar ƙanena Hoyt ta shigo layin gyara, Verlon zai tsallaka gajeriyar katangar nan da tulun fetur mai nauyin ɗan maraƙi a kafaɗa, ya juya wa motocin da ke tahowa baya, ya kafa bakin tulun. A kansa kuwa babu komai sai wata tsohuwar hular yadi ta kamfanin abincin kaji, wadda gumi ya mayar da ita kalar ƙasa.

Wannan bai taɓa hana shi barci ba. Amma ka miƙa masa takardar dala hamsin ranar tsere, sai ya ja da baya kamar ka miƙo maciji. Koriyar mota kuwa ko inuwarta ba ya takawa. Uwa uba gyaɗa mai ɓawo. Duk wanda ya tashi a harkar nan a Carolina ta Arewa ya san ba a shiga layin gyara da ita. An ce tun zamanin kakanni aka yi wani mummunan haɗari, aka tsinci ɓawon gyaɗa a cikin motocin, shi ke nan ta zama annoba. Babana Ledbetter da kansa ya taɓa korar fasto waje saboda ya shigo yana ɓara, kuma faston ya zo yi musu addu'a ne.

Manyan filaye sun daɗe da tilasta wa masu tsallaka katanga sa hular kwano. Namu filin ƙarami ne, mai shi ya ce kowa da kansa, kowa ya san darajar abinsa. Matasan duk suka saya. Verlon ya ce shi ba ɗan sama jannati ba ne.

'Yarmu Darla ma'aikaciyar jinya ce. Ita ta yi jinyar wani mai canjin taya da mota ta kwashe a wani fili, mutum mai 'ya'ya uku, wanda yanzu sai an ba shi abinci a baki. Da Kirsimeti ta kawo wa ubanta hular kwano fara sol, mai tsada. Ya yi godiya, ya sumbaci goshinta, ya kai hular rumfar bayan gida. Da na je nemanta a watan Yuni, kaza ta yi ƙwai huɗu a ciki.

Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kwana uku ina dafa masa wake ba gishiri. Na ce masa gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ya ce, "Lorene, shekara nawa ina wannan aiki? Ko ƙwarzane kin taɓa gani a kaina?"

Na ce, "Ai babu abin da za a ƙwarzana a ciki, shi ya sa."

"To kin gani. Me za a kare?"

Haka yake. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ni ma da idona biyu na aure shi. Amma gaskiya tsoro nake ji. Ni nake zama a kan akwatin kayan aiki da agogo da littafi ina rubuta zagayen Hoyt, saboda haka duk ranar Asabar ƙeyar mijina nake kallo daga sama, tsirara, motoci suna wucewa ta gefenta. Na gaji da kallon.

Asabar ɗin tseren zagaye ɗari biyu, na wanke hular da sabulu, na sa ta a jakata. Na kuma ɗauki ƙunshin takarda mai ruwan ƙasa, irin wanda ake sayar da gyaɗa a ciki a bakin hanya, har da hoton gyaɗar a jiki tana murmushi. Rana tana dukan tsakiyar ka, kwalta tana tururi. An gama addu'a da taken ƙasa, direbobi sun shiga motoci. Na hau akwatina, na ajiye hular a dama, na ɗora ƙunshin a cinya, na girgiza shi sau ɗaya.

Dub Honeycutt ne ya fara ji. Shi ke ɗaga motar da jak, shi ne kuma shugaban ma'aikatan, ƙato ne wanda sai ya karkace yake shiga ƙofar coci. Ya juyo, ya ga ƙunshin, tabar da yake taunawa ta kusa sarƙe shi.

Ya ce, "Hajjaju Lorene, don Allah ki ce min ba abin da nake zato ba ne." Da wannan sunan yake tsokanata tun da na fara sa tabarau, wai na zama dattijuwa.

Na ce, "Kira min abokinka."

Verlon ya zo yana goge hannu. Ya tsaya taku biyar daga gare ni, bai ƙara ko ɗaya ba.

"Mene ne wannan?"

"Ka iya karatu, Baban Darla."

"Kin haukace? 'Yar Ledbetter guda, a layin gyara? Babanki yana juyi a kabari."

"Bar shi ya juya, ya daɗe a gefe ɗaya." Na ɗaga hular. "Ga sharaɗina. Ka sa wannan, ƙunshi ya zauna a ɗaure har a tashi. Ka tsallaka katangar nan da hular kajinka, ni kuma in zauna in ɓare ta ɗaya bayan ɗaya, in watsa ɓawon a ƙarƙashin motar Hoyt."

"Ƙanenki ne fa a ciki."

"Ina da wani ƙanen. Miji ɗaya gare ni."

Ma'aikatan motar da ke kusa da mu sun riga sun fara ja da kayansu gefe. Wani ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Dub ya dafa kafaɗar Verlon ya ce, "Tsoho, ka rufa mana asiri ka sa kwanon nan. In ta buɗe takardar nan, wallahi ni gida zan tafi, ka ɗaga motar da haƙoranka."

Verlon ya ce, "Warin kaji take yi."

Na ce, "Ta yi daidai da tsohuwar, ba za ka ji baƙunta ba."

Ya fizge ta, ya kifa a ka. Na ce ya ɗaure igiyar haɓa. Ya yi kamar bai ji ba, na sake girgiza ƙunshin, ya ɗaure har sai da kumatunsa suka kumburo. Ya tafi ya zauna a kan taya ya juya min baya. Zagaye tamanin bai kalle ni ba, ko shayin ƙanƙara da na aika masa bai taɓa ba.

A zagaye na tamanin da bakwai wata mota ta goga katanga, aka ɗaga tuta rawaya ta alamar a rage gudu, kowa ya kwararo layin gyara a lokaci ɗaya. Hoyt ya shigo na biyar ya ci burki daidai kan layinsa. Dub ya zura jak, masu taya suka durƙusa, Verlon ya tsallaka da tulunsa ya kafa. Ina kallon agogo, ina kallon ƙeyarsa.

Ma'aikatan da ke bayanmu suka cire tayarsu, wanda zai tare ta ya kuskure, ta gangara cikin hanya. Wata mota da ke fita ta doke ta da hanci. Na ga tayar ta tashi sama tana juyi. Na buɗe baki, amma a cikin wannan ƙara ko ni ban ji muryata ba. Ta sauka a ƙasa sau ɗaya, ta yi tsalle, ta sami Verlon a bayan kai.

Ya kife a kan motar, ya zame ƙasa. Tulun ya faɗi, fetur ya malala. Mai kashe gobara ya watsa hoda, Dub ya kama shi ta kafaɗun riga ya ja shi daga cikin man. Ban san yadda na sauko daga akwatin ba. Na dai ga kaina a durƙushe a kan kwalta mai zafi, ina kiran sunansa, shi kuwa idonsa a rufe, hannunsa a sake. Hular ta tsage daga ƙeya har tsakiyar ka, tsagar da zan iya zura yatsa.

Ban yi addu'a mai kyau ba. Na ce, "Ubangiji, in ka ɗauke shi yau bayan duk wahalar da na sha, ni da kai akwai magana." Ina faɗa ina kuka, majina har haɓa.

Sai da aka sa shi a motar asibiti, aka ɗaure masa wuya, sannan ya buɗe ido. Ma'aikacin motar asibitin ya haska masa tocila, ya tambaye shi sunansa da ranar da ake ciki. Ya faɗa daidai. Sai Verlon ya tambaya na nawa Hoyt ya fita daga layin gyara, aka ce na sha ɗaya, ya yi tsaki. Sannan idonsa ya sauka a kan hannuna. Ashe duk wannan abu ban saki ƙunshin ba.

Ya ce da wata murya ƙasa-ƙasa, "Kin gani ko? Shekara talatin da shida ko ƙuda bai taɓa ni ba. Rana ɗaya kin shigo da gyaɗa."

Ma'aikacin ya dube ni, ya ɗan matsa. Shi ma ɗan garin ne.

Na jawo tsagaggiyar hular, na ɗora ta a kan cikinsa, na kwance bakin takardar na juye a ciki. Busasshen makaroni ne, rabin kwali, wanda na ɗebo daga kicin da safe.

Na ce, "Ni 'yar Ledbetter ce, Verlon. Kana tsammanin zan shigo da gyaɗa wurin da kake tsaye da fetur a kafaɗa? Ko takardar sai da na wanke hannu bayan na taɓa ta."

Ya daɗe yana kallon makaronin. Ba ya iya juya wuya, sai idon kawai.

"To in ba gyaɗa, me ya kawo tayar?"

"Ba abin da ya kawo ta. Taya ce, ta taso, kai ne a wurin."

Motar ta fita daga fili ta hau titi, ƙarar tseren ta koma baya. Ya laluba da hannu har ya sami tsagar, ya zura yatsa a ciki, ya bi ta tun daga ƙeya har sama. Na riƙe masa hannun.

Can ya ce, "Lorene."

"Ina ji."

"Ki ce wa Darla ta sayo wata." Ya juyo da ido gare ni. "Amma ki gaya mata, ban da koriya."