Tuba a Gaban Gora

Kwaɗin ƙoramarmu ba su da huhu, da fata suke numfashi. Wata malama daga jami'a ce ta gaya mana, ta ce da wuya a same su a wani wuri. Shi ya sa dattawan dogon gidanmu, inda duk ƙauyen ke zaune ƙarƙashin rufi ɗaya, suka kafa gora biyu a bakin ruwa, suka hana dakan tuba a tsakaninsu, saiwar nan da muke bugar da kifi da ita. Ni aka ba duba wurin.

Ana gobe bikin girbin shinkafa na gangara da rana tsaka. Wari ne ya fara tare ni. Kwaɗin sun fito daga ƙarƙashin duwatsu, ciki a sama, sun kumbura, ƙudaje sun yi musu baƙi. Na ɗauki ɗaya, fatar ta saɓule ta manne mini a yatsu kamar majina. Na juya na yi amai.

Taku goma gaba da gorar sama na tarar da Kawu Jimbun, wan mahaifiyata, yana bandar kifi, dakakkiyar tuba a gefensa.

"Kawu, me ke nan?"

"Kifin biki, sarkin kwaɗi. Duba da kyau, na ƙetare gorarka?"

"Ruwan ya ƙetare."

"To kai ruwan ƙara." Ya ɓare kifi ya miƙo mini. "Ungo, ɗanɗana."

Ban karɓa ba. A wurinmu wanda ya ci daga kamu ba ya da bakin ƙara a kansa, Kawu ya sani.

Washegari aka shimfiɗa tabarmi a baranda. Inna da kanta ta ajiye mini kifin Kawu a ganye, ta rage murya.

"Ci, Nyalang. Tarar alade dattawa za su ci shi, kuma alade ɗaya tak gare shi. Yayana ne."

Na dubi kifin, mai yana naso. Har yanzu yatsuna na warin jiya, ko da na goge su da toka. Na ture ganyen a hankali, na ɗauko ƙunshin da na ɓoye jiya a ƙarƙashin tsani, na kwance shi a gaban Maigari Ranggau. Matattun kwaɗi goma sha bakwai ne a ciki. Mutane suka toshe hanci suna ja da baya.

Maigari ya ajiye lomarsa bai kai baki ba.

"Wa ya daka?"

Inna ta tashi ta shige ɗaki. Na faɗi sunan.