Hawa na Huɗu a Abbasiya

Abdulnasir ya ɗaga murya a waya da gangan, don ya hango Isam a teburin baya wurin mai shayi a unguwar Hayyin Ashir.

"Wallahi banza ce ta faɗi, Alhaji! Abbasiya, layin bayan tashar jirgin metro, hawa na huɗu, mai koren ƙofa. Bango ya tsattsage, amma rabin kuɗi ne. Gobe zan kai kafin alƙalami."

Babu kowa a kan layin wayar.

Sana'arsa ke nan: ya nemo ruɓaɓɓen gida, ya kama shi da kafin alƙalami, ya miƙa wa mai kuɗi da 'yar riba. Shi ya koya wa Isam, har a kwano ɗaya suke ci. Sakayyar? Sau uku Isam na zagayawa ya saye gidan da Abdulnasir ya sha wahalar nemowa, har attajirai suka fara daina kiransa. Abin na cin ransa ƙwarai.

Sai dai akwai darasin da Isam ya raina. Abdulnasir ba ya taya gida sai ya zauna da mai gadin benen sun sha shayi. Isam kuwa ko sallama ba ya yi musu. Amm Mahir mai gadi ne ya gaya masa gidan ba kango ba ne. Hajja Eman na ciki da tsohuwar yarjejeniyar haya tun zamanin mijinta, haya ce da ba ta kai kuɗin burodi ba, kuma doka ta ba ta zama muddin tana raye, fitar da ita sai dai wani ikon Allah. Jinya kawai ta tafi wurin 'yarta a Giza.

Kafin la'asar Isam ya sa hannu, da duk abin da ya tara.

Ranar Asabar Abdulnasir ya hau benen. Ya tarar da Isam a ƙofa da sabon kwaɗo a hannu, gumi sharkaf. Hajja Eman ta dawo, tana zaune daram a kujerarta, takardarta a cinya.

"Ɗan'uwa, ka sani?" in ji Isam. "Wa zai saya yanzu?"

"Ma'alish, sai haƙuri," in ji Abdulnasir. Daɗi ya cika shi har wuya.

Ya raɓa shi ya shiga, ya durƙusa, ya ajiye wa tsohuwa kwalbar zuma da man habbatus sauda.

"Cokali ɗaya kullum da safe, Hajja. Allah ya ja kwana, ya kai ki shekara ɗari."

"Amin, ɗana," in ji ta.